Turaren Kawu a Ruwan Kifi

Daga tashar kifi, 3 ga Satumba

Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ake durƙusawa a yi, duk da cewa a tsaye nake rubuta ta a kan murfin tanki. Yaya gwiwar nan taka? Yaya Inna da hawan jininta, tana shan magani ko har yanzu sai an yi da gaske? Ni lafiyata ƙalau, abinci ne kawai ba ya shiga.

Sau uku ina kiran wayar Inna, kullum sai ta ce kana da mutane a shago, wai ka ce in da magana a rubuto. To ga ta a rubuce. Ka zauna kafin ka karanta.

Na san kana gaya wa kwastomominka cewa 'yar ƙanwarka ta yi karatu har ta gaji, ta ƙare a kiwon kifi. Bari in sake yi maka bayani, don yau yana da amfani. Kifin da muke aiki da shi a ƙaramin rafi ake ƙyanƙyashe shi. Ya gangara teku, ya yi shekara biyu ko uku a can, sannan ya kamo hanya ya dawo rafin da ya fito, ya zuba ƙwai. Da hanci yake gane gida. Akwai wasu 'yan makonni, lokacin bai fi yatsa ba, da ƙamshin ruwan da yake ciki ke zama masa a ka. Abin da ya shaƙa a makonnin nan, shi zai nema idan ya dawo.

Shekara biyu da rabi da suka wuce na raini 'ya'yan kifi dubu goma sha biyu a tankuna biyu. Na ɗiga wa tanki ɗaya wani sinadari mai ƙamshi, ɗayan kuma na ɗiga masa tagwayen sinadarin. Na yi musu alama a fiffike, muka sake su. A ƙasan tashar akwai gurbi mai zurfi, daga gurbin akwai hanyoyin ruwa biyu na siminti da suka hau zuwa wurinmu, muna ce musu ƙofar hagu da ƙofar dama. Kowace ƙofa da ƙamshin da muke ɗiga mata. Abin da nake jira shi ne in ga ko kowane kifi zai bi ƙofar tankinsa.

Sun dawo, Kawu. Dogo, mai kula da ƙofofin, ya ƙirga wajen ɗari uku a gurbi. Yau kwana tara. Suna zuwa har bakin ƙofa, su tsaya, su juya. Ko ɗaya bai hau ba.

Ni kaɗai na san dalili, ko in ce ina zargi. Ka tuna kwalbar da ka haɗa mini ranar da zan taho, wadda ka ce babu irinta a kan kantar shagonka kuma ba za a yi ba? A nan doka ce, ba turare, ba man shafawa, ba sabulu mai ƙamshi. Wallahi ban taɓa shafawa ba. A aljihun rigar aiki nake ajiye ta, idan kewa ta dame ni sai in buɗe in sunsuna. Wata safiya na sunkuya a kan babban tankin da ke ba sauran ruwa, ta sulale ta faɗa, murfin bai ɗauru ba. Kafin in kamo ta da raga rabi ya fita. A tsakiyar makonnin nan ne. Ban gaya wa kowa ba, na ce ai ruwa mai gudu ne, zai wanke.

Ina ga turarenka ne ya tsayar da su. Shi suke nema, kuma babu shi a kowace ƙofa.

Tun da suka baro teku ba sa cin komai. Mako takwas ne iyakarsu. Idan ba su hau ba za su mutu a gurbi da ƙwai a ciki, aikina na shekara uku ya bi su. Sauran turaren na ƙarar da shi tun bara, kwalbar kawai ta rage da ɗan ɓurɓushin ƙamshi. Don Allah ka haɗa mini irinsa, shi sak, ka aiko da masu kai saƙon gaggawa. Ba mai yawa ba. Hancinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, ɗigo kaɗan ya ishi rafi guda.

Ka gaida Inna. Kada ka gaya wa Ummata komai tukuna.

Taka,
'Yar Kwalba


Daga shago, 12 ga Satumba

'Yar Kwalba,

Gaisuwarki ta iso, na kuma karɓe ta a zaune kamar yadda kika umarta. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Innarki lafiya lau, har ta koma zama da ni a shago, wai gida ya yi mata faɗi. Ta kawo kujerarta ta kafa bayan labule, duk wanda ya shigo sai ta san abin da ya saya da wadda zai kai wa. Shekara arba'in ina sana'a ba mai duba ni, sai da na tsufa aka yi mini sufeto.

Unguwa tana nan yadda kika bar ta. Mai shayin bakin titi ya lalace, ruwan zafi kawai yake sayarwa yanzu. Telan da ke jikinmu kuma ya tara mini jama'a ran Talata, wai wani abu na ƙonewa a shagona. Ina zaune lafiya ya faɗo ya kashe mini wuta. Soket ne ya ɗan narke. Mutumin nan ya faye tsoro.

Yanzu maganarki. Na yi dariya har Innarki ta leƙo. Mata sun sayi turarena, direbobi sun saya, malaman asibiti sun saya, amma ban taɓa sanin ina da kwastomomi a teku ba. Ɗari uku kuma, a layi, suna jira a buɗe shago!

Da na gama dariyar sai na koma kan layin nan naki: turarenka ne ya tsayar da su. Sau uku na karanta shi. Ni dai na san alheri na yi. Kina da shekara tara mahaifiyarki ta kawo ki gidana, ni da ita kakanni muka haɗa, amma ban taɓa lissafa nisan ba. Shekara huɗu kina wanke mini kwalabe, sau nawa na ce miki a ɗaure murfi kafin a sa a aljihu? Wannan ba laifin turare ba ne.

Ga kwalba nan na aiko. Ki gwada. Idan kifin naki masu hankali ne za su karɓa su yi godiya.

Abu ɗaya ban gane ba. Mene ne tagwayen sinadari? In abu biyu iri ɗaya ne, me kike so kifi ya bambanta? Ina tambaya ne saboda bayan tafiyarki mai kawo mana kaya ya canza miski. Ya zo da takarda mai hatimi, wai sabon da tsohon abu ɗaya ne, har an auna a na'ura. Na sunsuna na ce masa takardarsa ta yi ƙarya. Muka yi ta yi har ya yi fushi. Ki yi mini bayani da Hausar mutane, ba ta jami'a ba.

Ki riƙa cin abinci. Ba ke ce kifin ba.

Kawunki


Daga tashar kifi, 20 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya bar mana Inna a kan kujerarta. A gyara soket ɗin nan, ba abin wasa ba ne.

Kwalba ta iso jiya. Na fita da ita can bayan shingen tasha, inda doka ba ta kai ba, na buɗe. Kawu, ba shi ba ne. Ko kusa. Kanumfari ya yi yawa har yana cizon hanci, wardin ya nutse, ƙasan kuma babu ɗumin nan da ke zama a wuyan riga kwana biyu. Na sa tsohuwar kwalbar a hanci ɗaya, sabuwar a ɗayan, na yi ta yi har kaina ya sara. Wa ya haɗa wannan? In sabon ma'aikaci ka ɗauka, ka sallame shi, ba shi da hanci.

Ko kuwa daga kan kanta ka ɗauko ka cika mini, don ka ɗauka wasa nake? Na ga ka yi dariya. Ni ban yi ba. Yau kwana ashirin da shida. Launinsu ya fara canzawa, bayansu ya yi duhu, wasu fatar ta fara saɓulewa a wajen jela. Da safe nakan tsaya a kan gadar ƙarfe in dube su, duk sun juya kai sama, suna kaɗa jela a wuri ɗaya. Dogo ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya wanke ƙofofin da buroshi, ya canza fitilu. Jiya ya ce mini, "Malama, shekara goma sha tara ina wannan aiki, ban taɓa ganin kifi ya zo bakin gida ya tsaya yana sallama ba." Na kasa kallon idonsa.

Ka yi tambaya game da tagwaye. Yawancin masana sun ce hanci kamar kwaɗo ne, ƙwayar ƙamshi kuma ɗan makulli. Idan siffarta ta dace da ramin, ta shiga, sai ka ji ƙamshi. Wasu 'yan kaɗan suka ce siffa kaɗai ba ta isa ba. Suka ce kowace ƙwaya tana karkarwa, kowace da irin tata, kuma hanci yana gane karkarwar. Wai a cikin ramin akwai wani ɗan mitsitsin abu na lantarki da ke son tsallake wani giɓi, ba shi da ƙarfin tsallakewa. Amma idan ƙwayar da ta shigo tana karkarwa daidai, sai kawai a gan shi a ɗaya gefen, bai yi tsalle ba, bai zagaya ba. A duniyar ƙananan abubuwa haka na faruwa, shi ne ilimin da ake kira kwantam. Ko yana faruwa a hanci, nan ne ake rigima, kuma masu cewa a'a sun fi yawa.

To tagwayena siffarsu ɗaya, amma an ɗan ƙara wa ɗaya nauyi, don haka karkarwarsu ta bambanta. Idan kifi ya raba su, masu maganar karkarwa sun sami abin riƙewa. Idan bai raba ba, shi ma amsa ce. Miskinka kuwa ban sani ba. Wataƙila akwai wani ɗan abu a tsohon da na'urar ba ta kama ba. Na fi yarda da hancinka a kan takardarsa.

Shi ya sa abin ya ba ni haushi. Kai ne ka mayar da kwalba goma sha biyu don an wanke su da sabulun da bai yi maka ba. Ka zauna da kanka, don Allah, ka haɗa mini. Saura mako huɗu.

'Yar Kwalba


Daga tashar kifi, 4 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Mako biyu ke nan. Kullum sai na taka har bakin titi na tari motar saƙo, direban har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na kira Inna, ta ce kana lafiya, ta ce in ƙara haƙuri, ta kashe. Inna da ba ta ajiye waya sai kuɗin sun ƙare!

In maganar da na yi ce, cewa turarenka ya tsayar da su, na janye. Ni na sa kwalba a aljihu, ni ban ɗaure murfi ba, ni na yi shiru shekara biyu da rabi. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka yi bayan ka aiko.

Sun fara mutuwa. Shekaranjiya goma sha huɗu, jiya ashirin da biyu. Dogo ne ke kwaso su da raga, ni nake buɗe cikin in auna. Ƙwai cike, ja wur, ba su da amfani.

Na gaya wa Farfesa, shugabar tashar. A ofishinta, tana cire takalmin roba. Ta saurare ni har na gama, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a waje. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kin san gwajin ya mutu tun ranar da kwalbar ta faɗa?" Na ce na sani. Ta ce, "Kin bar mu muna wanke ƙofa wata guda." Na ce haka ne.

Ga hukuncinta. Gwajin tagwaye an soke shi. Idan kifin suka hau aka sami ƙwai masu rai, za ta bar ni in sake daga farko. Idan ba a samu ba, babu abin da zan sake da shi, sai in haɗa kayana. Ta yarda in ɗiga turaren a ƙofar hagu, in an samu. Ta ce ita ba ta yarda zai yi aiki ba, amma ba ta da wata dabarar.

Na kai tsohuwar kwalbar ɗakin gwaji. Na'ura ta lissafo abubuwa da yawa, ta kasa faɗin nawa-nawa. Ba ni da kowa sai kai.

'Yar Kwalba


Daga shago, 10 ga Oktoba

'Yar Kwalba,

Muna lafiya. Takardunki biyu suna gabana. Ta farkon ta yi kwana goma sha biyar a ƙarƙashin sikeli, ina ɗagawa ina mayarwa. Yau da ta biyun ta zo Innarki ta karanta, ta rufe shago da rana tsaka, ta ajiye mini biro ta ce ko in rubuta ko ta rubuta.

Ma'aikacin da kika ce in sallama, ni ne.

Wata goma sha huɗu ke nan. Mura ce da zazzaɓi, kwana biyar na warke, hanci bai dawo ba. Na buɗe kwalbar wardi wata safiya na ji kamar ruwan famfo. Na ɗauka kayan ne suka lalace, har na zagi mai kawowa a raina. Na buɗe sandal, na buɗe jawul, na sa hanci a tulun kananzir. Babu. Likita ya ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, in riƙa shaƙar abubuwa huɗu safe da yamma. Ina yi. Mai shayi bai lalace ba, 'yata, kuma telan nan shi ya hana shagona ƙonewa.

Innarki ce hancina yanzu. Nakan haɗa, in miƙa bayan labule kamar ina neman murfi, ta sunsuna, ta yi tari ɗaya in ya yi, biyu in bai yi ba. Ta san mai kyau da marar kyau, amma ba ta san abin da za a ƙara ba. Naki kuwa ba ta taɓa jin sa ba, don a ranar na haɗa na rufe na ba ki. Da na haɗa wancan da na aiko, ta yi tari biyu. Na aiko duk da haka. Na ce wataƙila kifi ba su kai ki iya bambancewa ba. Ban iya rubuta miki cewa Kawunki ya zama mai sayar da abin da bai san shi ba. Wayar ma da nake gudu, don kada ki ji a muryata ne.

Ban taɓa rubuta haɗi a littafi ba, kin sani. Ina alfahari da haka, ina cewa littafina a fuskata yake. Abin da hannu ya riƙe shi ne wannan: sandal goma sha biyu, wardi bakwai, jawul huɗu, ɓawon lemo uku, kanumfari ɗaya ko biyu, ban tuna ba. Miski a ƙarshe. Sauran ukun da na sa wa lamba a jikin kwalba ɗigo ɗaɗɗaya ne, kuma ina shakkar ko na ukun ya shiga. Daga nan hanci ne yake cewa ƙara ko tsaya.

Ga kwalabe tara nan a cikin auduga. Mai jan zare a wuya tsohon miskin ne, na wancan lokacin. Innarki ta zazzage kabad ta samo shi a can ƙarshe. Bai kai rabin cokalin shayi ba, kuma babu wani a duniya da na sani. Zai ishe ki gwaji uku in kin yi hankali. Wanda na aiko da farko da sabon miski na yi shi.

Ki haɗa komai ban da miski tukuna, ki yi ta gyara har saman ya yi daidai da tsohuwar kwalbarki. Kada ki sunsuna fiye da sau uku a jere. Ki fita ki sha iska, ki shaƙi hannun rigarki, ki dawo. Ki ɗumama kwalbar a tafin hannu kafin ki yanke hukunci. In kin sa miski ki bar shi ya kwana, da safe ne yake faɗin gaskiya.

Kina da shekara goma kika ce mini kwalbar da na ba ki ki wanke ta taɓa zama da wardi, alhali an wanke ta sau biyu. Za ki iya.

Ban yi fushi da ke ba. Kunya ce.

Kawunki

Inna ce. Ki yi abin da ya ce. Kuma ki ci abinci. Kada ki kira shi ki yi masa kuka, ba zai iya ɗauka ba.


Daga tashar kifi, 22 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ban kira ba, kamar yadda ta ce. Kukan na yi shi a bayan shinge, na gama, na wanke fuska na fara aiki. Maganar ma'aikacin nan za ta daɗe tana cina. Ka yafe mini.

Kayan sun iso ranar sha biyar. A ranar saura ɗari da tamanin da wani abu a gurbi. Farfesa ta ba ni wani tsohon ɗakin ajiye raga a wajen shinge, da tebur mai ƙafa uku da bulo. Na jera kwalabe tara.

Saman bai ba ni wuya ba. Kanumfari ɗaya ne, ba biyu ba. Mai lamba uku bai shiga ba, da na sa shi sai abin ya koma kamar sabulu. Na farkon da na sa wa miski na ɓata shi, ɗigo biyu suka faɗa a maimakon ɗaya. Na biyun ya kwana, da safe na ɗumama shi a tafin hannu, ya yi kusa ƙwarai amma akwai abin da babu. Na fita na shiga ya fi sau goma. Dogo yana wucewa da baro cike da matattu.

Sai na tuna yadda kake yi. Ba ka taɓa wanke sirinjin jawul kafin ka ɗebi miski ba. Na ɗebi jawul, na zubar, na ɗebi miskin ƙarshe da sirinjin a haka. Washegari da safe na buɗe. Kawu, sai ga ni a shago, ranar da zan taho, kana ɗaure murfi kana cewa kada in ba kowa. Sai da na dafa teburin.

Muka narkar da shi a sifirit, muka sa a robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, Dogo ya rataye ta a saman ƙofar hagu, ɗigo ɗaya kowane minti. Ranar farko babu. Rana ta biyu babu, goma sha ɗaya suka ƙara mutuwa. Farfesa ta zo ta tsaya a gada, ta dubi robar, ta koma.

Rana ta uku aka wayi gari da ruwan sama. Wajen ƙarfe tara ina ɗakin raga ina naɗe kayana a raina, na ji Dogo yana ƙwala mini kira, shi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na fito da gudu ba takalmi. Wata macen kifi, duk jelarta ta zama fara don saɓulewa, tana tsakiyar ƙofar hagu tana dukan ruwa. Ta zame ta koma. Ta sake. A karo na uku ta haye. Kafin azahar bakwai sun bi ta.

Zuwa jiya da yamma saba'in da ɗaya sun hau ta hagu, shida ta dama. Sauran ba su da ƙarfin hawa, suna gurbi, ba za su kai ƙarshen mako ba. Farfesa ta ce ruwan sama kan tayar da kifi, kada in yi saurin yanke hukunci. Na ce haka ne, amma ruwan ai a ƙofa biyu ya sauka. Ta dube ni, ta ce in rubuta lambobin da kyau.

Mun tatsi ƙwai daga mata talatin da huɗu. Suna cikin tire a ɗakin sanyi, ruwa na bi ta kansu. Za su isa. Farfesa ta sa hannu a takarda yau da safe, zan sake daga farko. Shekara uku ke nan kuma, kuma an ɗinke aljihun rigar aikina, ni na ɗinke da kaina.

Na ci abinci, ka gaya wa Inna. Faranti biyu.

Taka,
'Yar Kwalba


Daga shago, 30 ga Oktoba

'Yar Kwalba,

Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Innarki ta karanta wa tela takardarki, tela ya karanta wa mai shayi, yanzu duk layin nan sun san saba'in da ɗaya da shida. Ni ban san ina barin jawul a sirinji ba. Shekara arba'in.

Zan gaya miki wani abu, ki ajiye a wurinki. Ranar da na ɗaure kwalaben nan tara, na yi fatan kada su hau. Na ce in ba su hau ba za ta haɗa kayanta, ina kuma za ta in ba nan ba? Ga kujera, ga kanta, ga mai hanci. Har na duba inda zan sa miki tebur. Fatan bai kai awa ɗaya ba, amma na yi shi. Da takardarki ta zo na yi murna da gaske, sannan na shiga bayan labule na ɗan zauna.

Ki yi shekara ukunki. Mu za mu lallaɓa da tari ɗaya da tari biyu.

Abu ɗaya nake roƙo. In akwai sauran ɗigo a kwalbar, kada ki aiko, ba shi da amfani a wurina. Ki buɗe, ki zauna, ki rubuto mini yadda yake. Da farko ina iya tuno wardi in na rufe ido, yanzu sunan kawai nake tunawa. Kada ki ce mini yana da daɗi. Ki fara daga abin da ya fara dukan hanci, sannan na bayansa, har ki kai ƙasa. Ki yi a hankali, kada ki tsallake komai.

Kawunki